Butar Shugaban Ƙasa

Zan fara daga farko, domin ba na son labarin da ake shiga ta tsakiyarsa.

Yayana ya yi aiki a gidan shugaban ƙasa a Legas, zamanin mulkin farar hula na baya, wanda sojoji suka kifar. Ba wani babban aiki ba ne. Shi ne mai kai ruwan alwala, shi ke shimfiɗa darduma, shi ke naɗe ta in an idar da salla. Ana gab da juyin mulkin aka sayo sabuwar buta saboda wata tafiya, tsohuwar kuma aka ce yayana ya riƙe, ta zama tasa. Bai daɗe da riƙe ta ba aka wayi gari rediyo na kiɗan soja. Ya dawo Kano a bayan motar goro da buhu guda, ya shiga gidansa na Gyaɗi-Gyaɗi, ya tura buhun ƙarƙashin gado, ya kafa teburin sabulu da ashana a ƙofar gida.

Duk tsawon mulkin soja bai buɗe buhun nan a gaban kowa ba, saboda yana tsoron a ce ya kwaso kayan gwamnati. Buhun ya ɓoye, amma bakinsa bai ɓoye komai ba. A majalisar da suke zama a gindin masallacin layinsu, ko maganar tsadar gero aka ɗauko sai ya karkato da ita ta biyo ta fadar shugaban ƙasa. Mutane suna sauraro saboda tsufansa, ba don sun gaskata ba. Wanda ya fi kowa ƙaryata shi kuwa taubashinmu ne, ɗan ƙanwar mahaifinmu, direban bas da ke jigila tsakanin Tarauni da Sabon Gari.

"Ranka ya daɗe, ministan buta," haka yake gaishe shi. "Ni fa wanda ya gan ka ya faɗa min, a tashar mota kake sayar da ruwan alwala. Shugaban ƙasar ma a kalanda ka san shi, kamar kowa."

Yayana sai ya ce, "Bari soja su koma bariki, za ka gani da idonka."

"To, in sun koma ka aiko a tashe ni."

Sai ga shi sun koma. Aka yi zaɓe, aka rantsar da farar hula, fastocin 'yan takara ba su ma gama ɓamɓarewa daga katangun unguwa ba, yayana ya ji wani shiri a rediyo. Mai gabatarwa ya kai ziyara wani gida a ƙasar waje, inda aka tara littattafai da kayan wani tsohon shugabansu, har takalminsa an saka a gilashi, mutane na bin layi suna kallo. Washegari ya hau acaɓa ya same ni a gidana a Tarauni, bayan kasuwa.

Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma na yi aikin sito a wani kamfanin saƙa har na yi ritaya, kuma na san cewa kowane abu yana da wurin zamansa. Saboda haka ya zo wurina. Ya ce, "Su takalmi suke nunawa. Ni ina da abin da ya fi takalmi. Zo ka tsara min."

Na ce zan tsara, amma da sharaɗin abin da na faɗa shi za a bi. Ya ce ya ji.

Muka jawo buhun. Na fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Akwai kalanda mai hoton shugaban. Akwai hoto guda da aka ɗauka a farfajiyar fada, shugaban yana zaune a kujera, a can gefe kuma ga wani hannu ya shigo riƙe da buta, sauran jikin mai hannun ya faɗa wajen hoton. Yayana ya ce hannunsa ne. Akwai littattafai: na lambobin tarho na Legas, da wani na kiwon kaji mai hotuna, da wasu manya na Turanci da ba su da bango. Akwai kofin shayi da marikinsa ya karye, da darduma da asu ya ɗanɗana. A ƙarshe ya zaro butar da kansa, naɗe cikin tsohon rawani. Butar silba ce, ta yi baƙi saboda daɗewa, an ɗaura mata wani tsumma a mariƙi. Da hannu biyu ya miƙo min ita.

Zauren gidansa muka mayar gidan tarihi. Na sa aka yi farar ƙasa, aka aro tebura, na ja igiya daga ƙofa har ƙarshen bango. Tsarin shi ne a shiga da ƙafar dama, a bi bango. Lamba ɗaya kalanda, lamba biyu hoto, lamba uku ɗakin karatu, wato kantar da na jera littattafan daga dogo zuwa gajere, lamba huɗu kofi, lamba biyar darduma, lamba shida buta, sannan a fita. Dokoki uku ne: ba taɓawa, ba zama, ba tsallake lamba.

A kan butar muka sami saɓani. Na ce ba za a nuna wa jama'a abu da dauɗa ba. Na kwance tsumman na jefar, na sa aka goge ta da toka da lemon tsami har mutum na iya ganin fuskarsa a jikinta. Yayana ya yi ta kallo, ransa bai so ba, amma ya riga ya ɗauki sharaɗi. Da na ɗauko fenti zan rubuta mata lamba a gindi kamar yadda muke yi a sito, sai ya riƙe hannuna.

"Wannan kam a'a. Ko shi mai ita bai rubuta mata komai ba."

Na ce, "Yaya, kayan da ba shi da lamba a jikinsa ba shi da mai shi."

"Ka rubuta a kwali ka ajiye a gefenta."

Na rubuta a kwali. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin ni na faɗa tun kafin abin ya faru.

Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi ba su ba ni haɗin kai ba. Sun saba zaure wurin zama ne, saboda haka kowa ya shigo sai ya cire takalmi, ya nemi wuri ya zauna a ƙarƙashin igiyata, ya fara tambayar lafiyar iyali. Matan gidan kuma ta nan suke wucewa da tallar awara, suna bin hanyar baibai, daga shida zuwa ɗaya. Mai ƙosan bakin layi ta tsaya a lamba uku, ta juya littafin tarho, ta ce in an gama da shi tana so, takardarsa za ta yi kyau da naɗin ƙosai. Taubashinmu kuwa da ya zo, bai kalli ɗaya ba, bai kalli biyu ba, kai tsaye ya nufi shida.

Na ce, "Koma ka faro daga kalanda."

"Malam mai sito, na san kalanda. Buta na zo gani." Ya sunkuya ya leƙa ta. "To, ministan buta, wannan kuma a wace kasuwa ka saya? Har yanzu tana ƙamshin kanti."

Yayana ya ja shi zuwa lamba biyu, ya ɗora yatsa a kan hoton. "Hannun wa ka gani nan?"

"Hannu na gani. Kowa ma yana da hannu."

Duk da haka na lura ya daɗe a gaban hoton fiye da yadda mai ƙaryatawa ya kamata ya daɗe.

Ana nan sai sabon kansilanmu ya aiko cewa zai zo ya buɗe gidan a hukumance. Kafin zaɓe mun san shi yana sayar da kayan babur a bakin titi, amma yanzu ya zama hukuma, kuma hukuma ana yi mata shiri. Na sa yara suka share layin tun daga kwalbati. Na sami ladan na ce masa baƙi za su yi salla a masallacinsu, don haka a kakkaɓe tabarmi, a wanke randa, butocin masallaci kuma a goge su da toka kada a ji kunya. Yawancinsu na roba ne, sai guda biyu na silba da wani attajiri ya bayar tun da daɗewa. Ladan mutum ne mai jin magana. Ya goge su sosai.

An ce kansila zai zo da hantsi. Ya iso rana ta karkata, da motoci da 'yan rakiya da mai ɗaukar hoto. Na tarye shi a ƙofa, na bi da shi lamba-lamba, kuma in faɗi gaskiya ya fi duk mutanen unguwa bin doka. A ɗakin karatu ya zaro littafin kiwon kaji, ya buɗe, ya gyaɗa kai, ya ce lallai shugabannin da suna da zurfin tunani. A lamba shida yayana ya tsaya ya yi bayani da kansa. Ya faɗi yadda ake sirka ruwan da sanyin safiya, da yadda ake karkata butar a hankali don kada a jiƙa hannun riga. Kowa ya kasa kunne. Ban taɓa ganin an saurare shi haka ba.

Daga nan kansila ya fara jawabi a kan romon dimokuraɗiyya. Bai kai rabi ba ladan ya kira la'asar.

Limamin layin yana cikin baƙin da muka gayyata don addu'a. Dattijo ne ƙwarai, shi ya raɗa wa rabin unguwar suna, kuma saboda girmamawa na ba shi kujera a ƙarshen zaure, kusa da lamba shida. Da jin kiran salla ya miƙe, ya duba dama, ya duba hagu, ya ga buta. Ya miƙa hannu ta saman igiyata ya ɗauka, kamar yadda kowane Musulmi yake ɗaukar duk butar da ya gani in lokacin salla ya yi. Ba wanda yake tambayar mai buta. Ban taɓa jin an tambaya ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Ina tsaye ina kallo. A sito na taɓa hana manaja fita da ƙusa guda saboda ba takarda. Amma da wane baki mutum zai ce wa liman ya ajiye buta, ga kiran salla ana yi, ga jama'a? Na dai buɗe baki na ce, "Allah ya gafarta Malam..."

Ya juyo ya ce, "Ku hanzarta, kada ku rasa jam'i." Ya fice.

Yayana bai gani ba, domin kansila ya kama hannunsa ya yi gaba da shi sahun farko. Ni da alwalata nake yawo kullum, don haka na tsaya a bakin famfo na sa wa butar ido. Liman ya gama ya ajiye, direban kansila ya ɗauka. Direban ya gama, mai ɗaukar hoto ya karɓa. Daga shi sai wani tela. Duk sanda na matsa zan kai hannu, sai wani ya riga ni, yana cewa, "Baba, ɗan ba ni in yi sauri." Sauran biyun na silba su ma suna ta yawo a hannun mutane, suna ƙyalli iri ɗaya, amma ban bari idona ya bar tamu ba. Ganina na ƙarshe da ita tana hannun wani ɗan acaɓa da ya tsaya wucewa, yana wanke ƙafar hagu. Sai aka tayar da iƙama.

Na shiga sahu. Mai salla ba ya waiwaye, kuma ban waiwaya ba. Abin da zuciyata ta yi a raka'o'in nan huɗu kuma, wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Ana sallamewa na fito. Wani mai son tsari ya tattara butocin ya jera su a gindin famfo, na roba a gefe guda, na silba a gefe guda. Guda uku, tsayi ɗaya, baki ɗaya, kowacce da 'yar lotsawarta, kowacce tana walƙiya.

Bayan baƙi sun watse na faɗa wa yayana. Bai yi faɗa ba. Ya zo ya tsuguna a gabansu, ya ɗaga wannan, ya ɗaga waccan. Dama can idonsa ya fara yana. Ya ce, "Ina tsumman?" Sai ya tuna na jefar da shi. Har yau akwai masu cewa da ba a goge ba da ba a ruɗe ba. Ni ban ga laifin tsabta ba. Da an bar ni na rubuta lamba, da zancen bai kai haka ba.

Na ce a bi abin daki-daki. Da farko aka kira ladan ya nuna nasa biyun. Ya ce shi da dauɗarsu ya san su, yanzu kuwa shi ma baƙi ne a wurinsa. Na biyu aka ɗauko hoton lamba biyu aka gwada. Butar cikin hoton ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma ta yi kama da dukkansu. Na uku aka nemi ɗan acaɓan ko zai tuna inda ya ajiye, amma ba wanda ya san shi, kuma 'yan acaɓan da ke bin titin gidan zu, wato gidan namun daji, ba su ƙirguwa. Na huɗu yayana ya ce hannunsa zai gane ta in ya zuba wa mutum ruwa da ita, tunda shekaru ya yi yana yi.

Taubashinmu ya naɗe hannun riga ya zauna a kan benci. "Zo ka zuba min, ni ne shugaban ƙasa yau. Kuma in ka jiƙa min riga na kore ka."

Yayana ya zuba da ta farko, ya ce, "Kamar ita ce." Ya zuba da ta biyu, ya daɗe, ya ce, "Wannan ma haka take zuba." Ya ɗauki ta uku, ya karkata ta, ruwan ya sauka siriri a tafin taubashi ba tare da ɗigo ya taɓa riga ba, kamar sauran biyun. Ya ajiye ta a hankali. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

Ya ce, "Duk mulkin soja tana ƙarƙashin gadona ba abin da ya same ta."

Na jira taubashi ya yi abin da ya saba, domin ba a taɓa ba shi dama irin wannan ba. Sai ya tsaya yana kallon hannun rigarsa a bushe. Can ya ce, "Kai, a tashar mota ba a koyon irin wannan zubin." Daga nan ya gyara murya ya ƙara da cewa, "Amma fa minista ne kai da ya kasa gane ma'aikatarsa."

Washegari muka je wurin liman. Da ya ji abin da ya faru ya yi salati, ya ce shi buta ya gani. Na ce ba wanda ya ce ya ga wani abu daban. Matsalar ita ce biyu daga cikin ukun kayan masallaci ne, ba a ɗauka haka kawai, ɗaya kuma ta yayana ce, ba a tilasta masa ya bar ta. Liman ya yi nazari, ya ce in za a kawo wa masallaci waɗanda za su fi amfanar masu salla, to a ɗauki ukun. Na shiga kasuwar Tarauni na sayo manyan butocin roba, kuma kafin in miƙa su na rubuta wa kowacce sunan masallaci da jan fenti, a gindi da kuma a gefe.

Haka lamba shida ta koma buta uku. Na sake kwali na rubuta: Ɗaya daga cikin waɗannan ita ce butar shugaban ƙasa. Na huda teburin na zura sarƙa ta cikin mariƙansu, kujerar liman kuma na mayar da ita kusa da kalanda.

Abin da ban zata ba, sai mutane suka fi zuwa. Har daga Daurawa da Ƙauyen Alu ake tahowa, kuma ba wanda yake tsayawa a ɗaya zuwa biyar. Kowa sai ya zaɓi tasa. Teloli suka tsaya a kan ta tsakiya, direbobi suka ce ta dama ce saboda ta fi kwarjini, har musu ya kai ga an daina gaisawa na ɗan lokaci. Kansila ya yi alkawarin kawo masana daga jami'a su tantance, wa'adinsa ya ƙare ba su iso ba. Yayana bai taɓa zaɓa ba. In an matsa masa sai ya ce, "Tana nan dai." Amma sau da yawa in na zo da safe nakan same shi shi kaɗai a zauren, ya kwance sarƙar, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana auna nauyinsu a hannu. In ya ji motsina sai ya mayar, ya ce ƙura yake sharewa.

Da ciwonsa na ƙarshe ya yi tsanani, ya kira ni ya ce yana so in an zo yi masa wanka a zuba masa ruwa da butar. Bai ce wacce ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar da ya rasu, ni da taubashinmu da liman muka shiga wankan. Wani ya miƙo butar roba, na ce a mayar. Na je zaure na kwance sarƙar na kawo ukun, na jera su yadda suke a kan tebur. Liman ya ce ai ɗaya ta isa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, sau nawa ake cuɗa mamaci?" Ya ce sau uku ya fi falala. Na ce to kowane zagaye da butarsa, daga dama zuwa hagu, ba tsallakewa.

Taubashi ne ya zuba ruwan. Hannunsa ba irin na yayana ba ne, ya jiƙa ni, ya jiƙa liman har gwiwa. Da ya ɗauki ta ukun ya sunkuya kusa da kunnen mamacin, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "To, ranka ya daɗe, ko wacce ce dai ta same ka. Saura ka je can ka ce ba a yi maka hidima ba."

Liman ya ce masa ya yi shiru ya zuba ruwa. Ya zuba har ta ƙare.